Kwanon Inna Kulu

'Yata Hannatu,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. In kina karanta wannan takarda, to kin sauka Andarai ke nan, kin buɗe jaka kin same ta tsakanin zannuwanki inda na cusa ta. Allah ya sa kin isa lafiya, mota ba ta jijjiga ki da yawa ba, ya sa ɗakin da suka ba ki kusa da asibitin ba ya yoyo. Ubangiji ya tsare ki a hanya da masauki, ya sa albarka a hannunki ga marasa lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki.

Kin san ni da baki, amma akwai maganar da bakin nan ya kasa faɗa miki shekara da shekaru, shi ya sa na ari biron babanki. Kwana uku ke nan ina rubutu da rana a gindin darbejiya, duk sa'ad da kika fita sallama da ƙawayenki. Ba labarin gida zan ba ki ba, yau-yau kika baro shi. Wa'azi kuwa kin sha shi a bakina har kin iya kwaikwayona in na juya baya, kada ki ɗauka ban sani ba. Kurakuraina zan ba ki, ki tafi da su, wataƙila su fi wa'azin amfani. Dukansu mace ɗaya suka shafa, Inna Kulu, maƙwabciyarmu ta da, matar marigayi Malam Umaru mahauci. Kin tuna ta, ita ce mai kiranki “ɗiyata” tana miƙo miki ƙuli-ƙuli ta kan katanga. Tana nan Andarai wurin ɗanta Bello. Na ji a bakin wata mai daddawa ranar kasuwar Jega cewa jikinta ya yi nauyi, ido ma ya tafi. Ranar da takardar aikinki ta fito aka ce Andarai, kowa na murna, ni kuwa Inna Kulu ce ta faɗo mini a rai. Akwai kayanta a hannuna shekara goma sha shida, kuma ban san kwana nawa suka rage mini in mayar ba.

Bari in fara daga farko. Babanki ya kawo ni Sabon Garin Jega ina amarya daga ƙasarmu ta Zuru, ban san kowa ba. Kafin in taso an cika mini kunne: garin Musulmi za ki, ki riƙe bangaskiyarki da kyau. Ni kuwa da ƙuruciya na ɗauka riƙon bangaskiya shi ne riƙon sakata. Da babanki ya fita shagonsa na kafinta sai in datse ƙofa. Wata uku ina jin daka da dariyar mata a gidan da muka haɗa katanga, ban taɓa leƙawa na ce ina kwana ba. Kaɗaici ya ishe ni har ina kuka, amma ina gaya wa kaina wai tsare kaina nake yi.

Wata safiya ina shara sai na ga kan mace ya ɓullo ta wurin da katangar ta zaizaye. Ashe turmi ta kife ta hau.

“Ke amarya, lahiya dai?” in ji ta. “Wata ukku muna jin motsinki, ba mu ga ko hancinki ba. Ko an ce maki cizo mukai?”

Kafin in sami abin cewa ta miƙo mini kwano mai murfi, fari da jan fure, bakin murfin ya ɗan ɓantare. Dambun nama ne a ciki. Na cinye rabi a tsaye, ban ko jira babanki ba. Washegari na wanke kwanon tas na miƙa mata, ina ganin na yi abin kirki. Ta buɗe ta leƙa, ta yi ta dariya har tana dafa katanga.

“Wa yar rene ki? Nan garin ba a maido kwano wayam. Ko barkono ukku na, a jefa ciki. Amshi. In kin samu abin sawa, ki maido.”

Na koma ɗaki na kwance riɗin da innata ta ƙulla mini, na zuba na kai mata. Tun daga ranar kwanon nan bai huta ba. Ya haura da tuwo ya dawo da fura, ya haura da gyaɗa ya dawo da albasar da danginta ke kawo mata daga Jiga Makera. Har muka manta ko na wace ce a cikinmu.

Da na haife ki, innata ba ta iya zuwa ba saboda ciwon ƙafa. Inna Kulu ce ta yi mini wankan jego kwana arba'in, ta dama mini kunun kanwa, Malam Umaru ya kawo ƙauri daga mahauta kyauta. Ba ta taɓa ce mini in bar addinina ba, ni ma ban ɓoye mata shi ba. Ranar Lahadi in ta ji shiru a gidanmu sai ta ɗaga murya: “Saratu, ƙararrawarku ta buga, ko yau hutu kukai?” In azuminsu ya zo nakan matsar da murhu nesa da katanga don kada ƙamshin suya ya dame su. In Kirsimeti ta zo babanki yakan ja akuyarmu ya kai wa Malam Umaru ya yanka, don kowa a layinmu ya ci ba tare da shakka ba. Ki riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

Saboda haka, Hannatu, kada ki jira a hau turmi a leƙo ki, ba kowane gari ke da Inna Kulu ba. Da kin ajiye kaya ki ɗaura ɗankwali ki shiga gidajen da ke kusa ki gaisa, ki durƙusa wa manya. In an yi haihuwa ki je barka. In an yi rasuwa ki je ki zauna, ko ba ki san abin da za ki ce ba. Ubangiji ya kira mu gishiri, ni kuwa ban taɓa ganin gishirin da ya gyara miya yana rufe a gwangwani ba. Ba cewa nake ki ɓoye ko ke wace ce ba. Ranar Lahadi ki yi wanka ki nemi inda 'yan'uwa ke taruwa, ko su biyar ne a ƙarƙashin rumfa, ko sai kin hau mota zuwa Maiyama. Mutane sun fi sakin jiki da wanda suka san inda ya dosa.

Kuskure na biyu bakina ne ya jawo shi. Bayan Bello, Inna Kulu ta yi ɓari har sau uku, na ukun ko danginta ba su sani ba. Ni ta gaya wa, muna zaune muna tsintar shinkafa, ta ce, “Ki sa ni cikin addu'arki.” Ranar taron zumuntar mata a coci na miƙe tsaye da murya mai rawa na ce a yi wa maƙwabciyata addu'a. Na faɗi sunanta, na faɗi ciwon, na faɗi sau nawa. Mata suka yi ta “ayya”, ni kuwa ina jin daɗi a raina ana ganin ni mai tausayi ce. Addu'ar kam mun yi. Amma kafin mako ya zagayo wata ta tare ta a wurin injin niƙa tana yi mata sannu da ɓari a gaban mutane.

Ba ta aiko kowa ba, ba ta kuma yi gaba da ni ba. Ta zagayo ta ƙofa ta same ni ina wanki.

“Saratu, addu'a nic ce ki yi mani. Ban ce ki yi mani shela ba.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce ya wuce, kuma ya wuce ɗin, domin da yamma kwano ya hauro da fura. Amma ki lura da abu ɗaya, ita ce ta tako ta zo. Ni ba a gwada ni da takawa ba tukuna.

Ke kuwa aikin da za ki yi, asirin mutane za a riƙa kwance miki kullum. Mace za ta gaya miki abin da mijinta bai sani ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In za ki yi wa mara lafiya addu'a, shiga ɗakinki ki rufe ƙofa. Wanda kike roƙo ya san sunanta tun kafin a raɗa mata shi, ba sai kin sanar da jama'a ba. Tsegumi in ya ɗaura zanen zumunta ya fi kowane wuyar ganewa, kuma mu masu zuwa coci ya fi kamawa. Ko ni uwarki, in na kira ki a waya ina tambaya wa ya zo asibiti yau, ki ce, “Mama, ina ruwanki.” Na ba ki izini a rubuce.

Yanzu ga babban. Kina shekara takwas aka zaɓe ni shugabar zumuntar mata. Na ɗinka sabon zane, tafiyata ma ta sake, babanki ya riƙa ce mini “ranki ya daɗe”, ban gane ba'a yake yi ba. A watan nan wani baƙon mai wa'azi ya zo ya kwana uku yana koyarwa, cikin maganarsa ya ce mai bi na gaske ba ya cin naman layya. Ya tafi abinsa ya bar mu da gardama. Ni ban tsaya na bincika ba, ban tambayi fastonmu ba, ban ma tambayi zuciyata ba, wadda ta shekara goma sha biyu tana karɓar naman nan da godiya.

Babbar Sallah ta zo. Kin san yadda ake yi a nan, a tsire raguna a kewaye wuta, sai washegari a raba. To, washegarin mata shida na zumunta suna gidanmu muna koyon sabuwar waƙa. Muna cikin kaɗa tulu sai na ji muryarta ta kan katanga.

“Saratu, taho amshi naku tun da zahi.”

Mata suka daina kaɗa tulu, duk ido ya dawo kaina. Wata ta yi gyaran murya. Na tashi na je na karɓi kwanon na buɗe. Ta zaɓo mini haƙarƙari da hanta, inda ta san ina so, ta soya da kanta. Na mayar da murfin na miƙa mata, na ɗaga murya yadda na bayana za su ji.

“Ki yi haƙuri, Inna. Mun daina cin irin wannan.”

Ta dube ni, ta dubi matan da ke bayana. Ba ta miƙo hannu ba.

“Irin wanne?”

Na ce, “Na layya. Addininmu ya hana.”

Ta ce, “To. Ni dai na ba ki, ba ni amsa. Aje shi nan. In kin samu abin sawa, ki maido.”

Ta sauka daga turmin. Na ɗora kwanon bisa katanga na koma cikin mata, suka ce na yi jaruntaka. Muka ci gaba da kaɗa tulu, amma idona na kan katanga. Kwanon ya wuni a rana. Ita ba ta ɗauka ba, ni ban ɗauka ba, ƙudaje suka yi ta kewaya murfin. Da la'asar sakaliya babanki ya dawo ya gan shi ya tambaya, na ba shi labari ina jiran yabo.

Kin san babanki ba ya faɗa. Ya sauke kwanon ya buɗe, ya girgiza kai.

“Saratu, wa ya yanka mana akuyar Kirsimeti?”

Na ce Malam Umaru.

“Da wace wuƙa? Wancan kin ci har kin raba wa zumunta. Hannu ɗaya ne, wuƙa ɗaya. An koya mana ba abin da ke shiga ciki ke ƙazantar da mutum ba, sai abin da zuciya ta turo ta baki. Naman nan lafiyarsa ƙalau ya hauro katanga. Maganarki ce ta ɓata shi.”

Na fusata na ce ai shi ko addu'ar safe ba ya zuwa, me ya sani. Ya zubar da naman ya miƙo mini kwanon, na wanke na jefa can ƙasan kabad.

Ki fahimce ni da kyau. Akwai 'yan'uwa da lamirinsu bai ba su su ci ba, ban ce sun yi laifi ba, kuma kada ki rena su. Mai irin wannan zuciya yakan zagaya ta ƙofa tun kafin Sallah, ya zauna ya yi bayani da ladabi, a rabu ana ganin girman juna. Da haka na yi, na san Inna Kulu, dariya za ta yi ta ce to sai ta kawo mini masa. Nawa ba lamiri ba ne. Ido goma sha biyu ne suka tsaya a bayana, na wulakanta matar da ta yi mini wankan jego don su yaba mini. Duk ranar da kika ji kina son yin wani abin ibada da ƙarfi don a ji, ki tsaya ki tambayi kanki: da ba kowa a tsakar gidan nan, haka zan yi? In amsar a'a ce, ki koma ki zauna, ba Allah kike yi wa ba.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Ban yi mako ba na san babanki ke da gaskiya. Na ce gobe zan shiga. Gobe ta yi na ce bari ta huce. Sai na ce bari Kirsimeti ta zo in cika kwanon da shinkafa da nama, magana ta mutu ba sai an tono ta ba. Kirsimeti ta zo, Malam Umaru ya yanka mana akuya kamar kullum, bai nuna komai ko a fuska ba. Na zuba abinci a kwanon na kai har gindin katanga, sai tsoro ya kama ni: in ta buɗe ta rufe ta ce su ma sun daina cin irin wannan fa? Abin da na yi wa wata, ni ko a zato na kasa ɗaukarsa. Na juya na juye abincin a tukunya.

Daga nan gaisuwarmu ta koma “ina kwana” da “lafiya lau”. Aka ɗauke turmin daga gindin katanga. Ke kika yi ta tambayata me ya sa ba ma shiga gidan Inna, na ce miki aiki ne ya yi mata yawa. Ƙarya na yi miki, yau na janye ta.

Bayan shekara biyu babanki ya faɗo daga kan rufin da yake bugawa, ƙafa ta karye. Wannan kin tuna. Abin da ba ki sani ba shi ne wanda ya fara isa wurin. Malam Umaru ne ya bar nama a kan tebur ranar kasuwa, ya tare motar masu albasa, ya rungume babanki har Aliero wurin masu ɗori, ya riƙe shi ana jan ƙafar, bai taso ba sai da aka gama. Tun ina yarinya nake jin labarin mutumin da 'yan fashi suka yasar a hanya, manyan masu ibada suka ratse suka wuce, baƙon da ba a zata ba ya tsaya. Kullum a raina ni ce mai tsayawar. Ran nan na gane a wane gefen hanya nake, na ji kunya ƙwarai. 'Yan zumunta ma sun zo sun yi ɗawainiya, ba zan ci amanarsu ba.

Wata biyu babanki na kwance, kullum da hantsi sai fura ta hauro katanga. Amma a leda take ƙullowa, ta rataye a ƙusa ta tafi. Kin gane? Leda ba a mayar da ita. Ba ta daina alheri ba, ta dai sauke mini nauyin maidowa, don kada in sake jin an takura ni. Ban taɓa shan abin da ya yi mini ɗaci kamar furar nan ba, ga ta kuwa da nono da sukari. Kullum hanya ce a buɗe in zagaya ta ƙofa, kullum sai in tsaya a bayan katanga in ce “an gode”.

Da Malam Umaru ya rasu na shiga ta'aziyya cikin ayarin mata, na faɗi abin da kowa ke faɗa. Ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba, ta ce, “Saratu, kin zaka.” Na ce a raina yau ba ranar maganar kwano ba ce. Da ta fita takaba Bello ya zo da mota ya ɗauke ta zuwa Andarai. Ina tsaye a bayan ƙyaure da kwanon a hannuna, wayam, ina jin ana ɗaure kaya. Wai ban sami abin sawa ba, alhali ga shinkafa ga gyaɗa a ɗaki. Ina nan tsaye har motar ta tashi.

Shekara goma ke nan da tafiyarta. A cikinsu ban fasa zuwa sujada ba, ban fasa ba da baiko a coci ba, ban fasa cin jibin Ubangiji ba. Sau nawa aka karanta a gabana cewa wanda ya kawo baiko, ya tuna wani na da magana da shi, ya ajiye ya je su shirya tukuna. Har ni na taɓa koyar da wannan a zumunta, da misalai. Na roƙi Allah gafara ya fi a ƙirga, kuma na gaskata ya gafarta. Amma na mai da roƙon wurin ɓuya, domin durƙusawa a coci ta fi mini sauƙi da durƙusawa a tsakar gidan Inna Kulu.

Hannatu, za ki ɓata wa mutane rai, ba makawa. Za ki daka wa tsohuwa tsawa ranar da layi ya yi tsawo, za ki yaɓa wa abokiyar aiki magana. Bakin nan nawa kin gada, ina jin ki da ƙannenki. Ba faɗuwar nake jiye miki ba, “gobe” nake jiye miki. Neman gafara a ranar farko kamar cire ƙaya ne, in ta kwana biyu a jiki sai an tsaga. Ki kira laifin da sunansa. Kada ki ce “in na ɓata miki”, kin san kin ɓata. Kada ki tura saƙo ta waya. In an ƙi karɓa, kin dai sauke naki. Ki je tun rana ba ta faɗi ba, da ƙafarki.

Na rubuta “da ƙafarki” sai biro ya tsaya mini. Bari in gaya miki kuskurena na ƙarshe, wanda kwanansa ɗaya. Jiya na ciro kwanon na wanke, na naɗe shi a tsohon zane na cusa a ƙasan jakarki. Niyyata in ce miki a ƙarshen takardar nan ki nemi gidan Bello ki kai mata, ki ce Mama na ba da haƙuri. Har na ji sanyi a raina, na ce Allah ne ya kai ki Andarai don ya sauke mini wannan kaya. Babanki ya same ni ina cusawa. Ya tsaya dogare da sandarsa ya ce, “Hannatu ce ta mayar da naman?” Ya juya ya fita. Na yi tsaki na bar kwanon a inda yake.

Yanzu da na ga abin da hannuna ya rubuta, na kasa ci gaba. Ga ni da furfura ina shirin ɓuya a bayan 'yar da na goya. Na tashi na ciro shi. Ki duba jakarki, ba ya ciki.

Ga abin da zan yi. Ranar kasuwar Jega mai zuwa zan je rumfar da Malam Umaru ya bari, ƙaninsa ke wurin yanzu, in sayi nama a hannunsa don ta ci ba tare da shakka ba. Zan yi dambu yadda ta koya mini, in daka shi ya yi laushi sosai tunda an ce haƙora sun zube. Washegari da safe in hau motar Maiyama. Shekara goma sha shida ina cewa ban sami abin sawa ba, alhali abin da take jira ba a kasuwa ake sayensa ba. In tsaya a gabanta ne in ce, “Inna, na yi laifi.” Dambun ɗan rakiya ne kawai.

Abin da nake roƙonki kaɗan ne. Tun kafin ki san inda ake ajiye allura a asibitin nan, ki tambayi gidan Bello ɗan Malam Umaru na Jega. Ki yi sallama ki shiga, ki durƙusa ki ce ke ce Hannatu. Ba za ta gan ki ba, amma ki ba ta hannunki, ita ta fara yi miki wanka a duniya. Ki duba jikinta da ilimin da Allah ya ba ki. Kada ki ba da haƙuri a madadina, wannan ba naki ba ne. Ki ce mata kawai Saratu na tafe, ta samu abin sawa. Za ta gane.

In kin tarar jikin ya yi tsanani, kada ki jira ranar kasuwa. Ki kira ni a take in taho, ko da barkono uku ne a ciki. Wannan ne tsorona, Hannatu, ba zan ɓoye miki ba. Na daina tsoron ta ƙi ni. In ta ajiye kwanon bisa katanga, zan zauna a gindinta har ta gaji da ganina. Tsorona shi ne in iso in tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Babanki na gaishe ki, ya ce ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Ubangiji ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutum, ya kare ki daga ciwon da kike jinya. Ya tsare bakinki fiye da yadda na tsare nawa, ya ba ki ƙafa mai saurin zuwa neman sulhu. Ya sa mutanen Andarai su ga alherin Almasihu a aikinki tun kafin su ji shi a bakinki. Ya ba Inna Kulu sauƙi, ya ja kwananta har in iso. Ni ma ki sa ni a addu'a, a ɗakinki, ba sai kin faɗi sunana a taro ba.

In na sauko daga mota za ki gan ni da kaya niƙi-niƙi, na san ki, za ki rugo ki karɓa. Karɓi jakar. Kwanon ki bar mini, ni zan shiga da shi.

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke.

Mahaifiyarki,
Saratu